Me ya sa hoton waya yake dushewa idan ya hau takarda?

Zangon karatu na uku ya kankama, kuma mun san abin da ke ran 'yan ajin ƙarshe a makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum ban da jarrabawar WAEC da NECO, wato mujallar yaye ɗalibai. An naɗa kwamiti, an yanka wa kowa abin da zai kawo, iyaye sun biya, wasu ma sai da aka kai kaza ko 'yan kwanonin gero kasuwa kafin kuɗin ya cika. An bi aji-aji ana ɗaukar hotuna da waya. To, a kan waɗannan hotunan za mu yi magana yau, tun ba su bar hannunku ba.

Duk wanda ya taɓa ganin ranar da kwalin mujallu ya iso daga Gusau ko Sakkwato ya san yadda abin yakan kasance. A yi ca a kan kwalin, kowa na neman shafinsa. Can sai ka ji wuri ya yi tsit. Shuɗin kayan makaranta ya koma ruwan shunayya. Koren gonar bayan makaranta, wanda a waya har ɗaukar ido yake yi, ya koma kamar ganyen da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Mafi ciwo kuma fuskoki: layin 'yan mata guda, fararen hijabai tas, amma tsakiyar kowane hijabi duhu ne kawai, sai an karanta suna a ƙasa kafin a gane wace ce. Daga nan sai zargi ya tashi. Wasu su ce 'yan kwamiti sun ci kuɗi, 'yan kwamiti su ce mai maɗaba'a ne ya yi ha'inci. Wani lokaci akwai ha'incin, ba mu musa ba. Amma sau da yawa babu wanda ya ci ko kwabo. Hoton ne aka ɗauke shi daga duniyar haske aka kai shi duniyar tawada ba tare da an yi masa shirin tafiyar ba.

Bari mu fara da wayar da ke hannunku. Ku buɗe farin shafi, ku ɗiga ɗan mitsitsin ruwa a kan gilashin, ku duba da kyau. Ɗigon ruwan zai zame muku madubin ƙara girma, za ku ga farin nan ashe ƙananan fitilu ne jere da juna masu launi uku: ja, kore da shuɗi. Shi ne ake kira RGB, daga haruffan farko na sunayen launukan da Turanci. Kowace fitila tana da matakin haske daga 0 zuwa 255, wato matakai 256. Masu son lissafi su ninka 256 sau 256 sau 256, za su sami 16,777,216, yawan launukan da waya za ta iya haɗawa ke nan. Idan aka kashe fitilun duka, baƙi ne. Idan aka kunna su duka har ƙarshe, fari ne. Ja da kore kuwa, abin mamaki, rawaya suke bayarwa. Wannan dabara ta girmi kakanninmu. A shekarar 1861 wani masanin kimiyya ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya nuna wa jama'a a Landan hoton wani ƙyalle mai launi ta hanyar haska hotuna uku a wuri guda, ɗaya ta jan gilashi, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi.

Takarda kuwa ba ta da fitila ko ɗaya. Hasken rana ko na ƙwai ne ke sauka a kanta ya dawo idonmu, aikin tawada shi ne ta shanye wani sashe na hasken ta bar saura. Wanda ya taɓa tsayawa a marina, ko ya ga ta Ƙofar Mata a Kano, ya riga ya san karatun: a tsoma farin ƙyalle a ruwan baba ya fito da shuɗi mai haske, a sake tsomawa ya ƙara duhu, a yi ta yi har ya kusa zama baƙi. Haka lalle yake a hannun amarya. A waya, ƙari haske yake kawowa. A takarda, ƙari duhu yake kawowa. Duk rigimar daga nan ta taso.

Masu ɗab'i da tawada huɗu suke aiki. Akwai shuɗi mai haske irin na sararin sama, akwai ja mai ruwan hoda, akwai rawaya, sai baƙi. Su ake kira CMYK, kuma ana auna kowace daga kashi 0 zuwa kashi 100. Tun a 1725 wani mai zane haifaffen Jamus, Jacob Christoph Le Blon, ya fitar da littafi yana bayanin yadda za a buga hoto mai launi da faranti uku. Baƙin an ƙara shi ne saboda idan aka zuba tawada ukun nan kan juna, abin da ke fitowa wani ruwan taɓo ne mai duhu, ga takarda ta jiƙe sharkaf, ga tsada. A babban injin maɗaba'a kowace tawada da farantinta. Kwamfuta ce ke raba hotonku gida huɗu, a yi wa kowane gida faranti, takarda ta bi ta ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. A ƙananan maɗaba'u masu injin da ke ɗaukar launi ɗaya kacal, sau huɗu takardar za ta shiga ta fita, ana wanke injin tsakanin kowace shiga.

Ga wani gwajin da ba ya cin ko sisi. Ku ɗauki gilashin ƙara girma na ɗakin kimiyya, ko ku ja kyamarar waya kusa, ku duba duk wani hoto mai launi da ke cikin jaridar nan. Za ku ga ɗigo-ɗigo ne zalla, manya a inda ake son duhu, ƙanana a inda ake son haske. Idonmu ne ke haɗa su daga nesa. A kan kunnen kwalin shayi ko na sabulu ma, idan kuka ɓare shi, sau da yawa za ku tarar da 'yan da'irori ko murabba'ai masu launin tawadar da aka yi aikin da ita. Da su mai inji ke duba ko tawadarsa ta zauna daidai.

To matsalar ita ce, launukan da tawada huɗu za su iya haɗawa ba su kai na waya yawa ba. Jar ƙasa irin ta hanyoyinmu, da ruwan ƙasa na ginin laka, da rawayar masara, waɗannan sukan ƙetare lafiya. Masu shan wahala su ne launuka masu ƙyalli: shuɗi mai kauri, kore shar irin na damina, ruwan lemo mai walƙiya, da irin shunayyar da ake gani a leshin biki. Idan kwamfuta ta zo juya hoto daga RGB zuwa CMYK ta tarar da launin da tawada ba ta da shi, sai ta ɗauko wanda ya fi kusa da shi ta maye gurbinsa. Shuɗi shi ya fi kowa rashin sa'a, domin kwamfuta takan haɗa shi da tawadar sararin sama da ta ruwan hoda kusan kai ɗaya, shi ya sa yake karkata ya koma shunayya. Masu aikin sun daɗe da samo maganinsa: a tabbatar tawadar sararin sama ta fi ta ruwan hoda da kamar kashi 30. Misali 100 da 70, ko ƙasa da haka. Idan kuka ga 90 da 85 a kan rigar makarantarku, ku san shunayya ce ke tafe.

Kada wani ya ce ai wannan maganar ado ce kawai. Ku tuna da yawancinmu, saboda ƙarancin kayan aiki, a hoton littafi muka fara ganin gwaje-gwajen da ake tambaya a jarrabawa. Akwai gwajin furotin da ake kira Biuret a darasin bayoloji. Ruwan gwajin shuɗi ne. Idan akwai furotin a abincin sai ya koma shunayya, idan babu ya tsaya a shuɗinsa. Yanzu ku ɗauka an buga littafi ba a kula da juyin launi ba, kwalbar "babu" ta fito da shunayya kamar kwalbar "akwai". Me ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalbar da hannunsa ba zai rubuta ranar jarrabawa? Haka gwajin dalma a kemistiri, inda ake ɗiga fotasiyam ayodaid a ga gari mai launin rawaya ya kwanta. Ɗan shuɗi kaɗan ya shiga rawayar nan a maɗaba'a, ta koma kore-kore. Mu kuwa mutanen wannan yanki ba ma wasa da sunan dalma, tun abin da ya faru a 2010 a Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, inda gubarta ta kashe yara sama da 400. Ko tsirin da ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yara da shi, da launi yake magana: ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya zuwa 12.5, kore daga nan zuwa sama. Uwar da ba ta karanta lamba, launin take karantawa.

Mu dawo kan fuskoki, domin a ganinmu nan ne gizo ke saƙa. Rigar da ta sauya launi ana iya haƙuri da ita, amma mujallar yaye ɗalibai da ba a gane mutane a cikinta, me aka buga ke nan?

Abu biyu ne ke haɗuwa su baƙanta fuska. Na farko tun wajen ɗauka yake faruwa. Kyamarar waya tana duban hasken hoton gaba ɗaya ne ta yanke hukunci. Idan ta ga farin hijabi ko farar riga cikin ranar tsaka, ga farin bango a baya, sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, ragin kuwa a kan fuska yake ƙarewa. A waya ba za ku lura ba, saboda fitilun gilashin suna turo haske ta cikin duhun, musamman ga masu ƙure hasken waya har ƙarshe. Na biyu a maɗaba'a yake. Ɗigon tawada idan ya sauka a takarda yakan baje, kamar yadda ɗigon manja ke bajewa a ƙyalle. A takarda mai santsi da sheƙi bajewar kaɗan ce. A takarda mai shan ruwa irin ta jarida, ɗigon da aka nufa ya rufe rabin wuri zai iya rufe kashi 70 cikin 100. Fatar yawancinmu kuwa dama a ɓangaren duhu take, tana ɗauke da tawada huɗun duka. Kaɗan aka ƙara, sai hanci da kumatu da goshi su haɗe su zama abu guda.

Akwai tarihi a nan da ya kamata ku sani. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, ana ce masa katin Shirley. Da shi ake saita inji: idan fatar Baturiyar ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta cewa cikin waɗanda suka matsa aka gyara fim don ya iya rarrabe launuka masu duhu har da kamfanonin cakulan da na kayan katako, saboda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Yau kayan aiki sun inganta ƙwarai, amma har yanzu saitin da ya zo da manhaja bai san fuskar ɗan Gummi ba. Mutum ne zai zauna ya duba.

Saboda haka gyara daga filin makaranta yake farawa. A ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, a inuwar baranda ko gefen gini inda fuska ke kallon sarari, ba ƙarƙashin dalbejiyar da ke yayyafa haske tabo-tabo ba. Mai ɗauka ya taɓa fuskar a gilashin waya kafin ya danna, don kyamara ta auna haskenta da fuskar. Hijabi ya ɗan yi fari fiye da kima bai kai asarar fuska ba. Sannan a bar tacewar nan ta Snapchat da ire-irenta mai mayar da kowa fari sol kamar an shafa masa alli. A takarda ba kyau take yi ba, fatar takan fito kamar ta roba.

Sai batun aikawa, inda hotuna da yawa ke mutuwa a hanya. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi, yawanci ta bar tsawonsa wajen ɗigo 1,600. Maɗaba'a kuwa tana son ɗigo 300 a kowane inci. Ku raba ku gani: inci biyar da 'yan kai, wato kamar santimita 13 da rabi. Ya isa ƙaramin hoton fuska, amma hoton aji guda da zai cika shafin A4 yana buƙatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Hoton da ya bi ta wayoyi huɗu, aka ɗauki hoton gilashi a ta biyar, wannan kam sai addu'a. A tura shi a matsayin fayil, ko a kwashe a filash ko memori kai tsaye daga wayar da ta ɗauka.

Yanzu juyin kansa. Kafin ku taɓa komai, ku tambayi mai maɗaba'a abu uku: da wane inji zai buga, a kan wace takarda, kuma yana son ku juya hotunan zuwa CMYK ko shi zai juya. Wasu, musamman masu injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, sun fi son a kawo musu RGB yadda yake. Wasu kuma za su gaya muku ma'aunin launin da suke aiki da shi, wato wani ɗan fayil da ke shaida wa kwamfuta halin injinsu da takardarsu. Idan ku ne za ku juya, a shagon kwamfuta na garinku akwai CorelDRAW ko Photoshop, kuma akwai na kyauta irin su Krita da Scribus. A Photoshop, danna Ctrl da Y yana nuna muku kwatankwacin yadda hoton zai fito a takarda tun ba a juya shi ba. Ranar farko da mutum ya danna zai ji kamar an watsa wa hoton toka. Gara a ga tokar yanzu.

Ku yi duk gyaranku a RGB: ku ɗaga hasken fuskoki fiye da yadda ido ke so a waya, ku buɗe inuwar ƙarƙashin hula da ta gefen hijabi. Juyi ya zo a ƙarshe, sau ɗaya tak, kuma a kan kwafi. Asalin hoton a ajiye shi, domin launin da ya zube wajen juyi ba ya dawowa ko da an mayar da hoton RGB. Bayan juyi ku ɗora alamar linzamin kwamfuta a kan kumatu ku karanta lambobi. A fatar mutum, ko fari ko baƙi, rawaya takan ɗan fi ruwan hoda. Idan ruwan hoda ya rinjaya, fuskar za ta fito kamar ta mai zazzaɓi. Ku kuma tara lambobin huɗu a wuri mafi duhu na hoton. Takarda mai sheƙi tana ɗaukar jimillar kamar 300, ta jarida wajen 240. Abin da ya haura haka ba ya bushewa da wuri, shi ne za ku ga shafi ya manne da ɗan'uwansa ko ya shafa masa baƙi.

Ƙananan rubutu, irin sunayen da ke ƙarƙashin hotuna, a sa su da baƙar tawada kaɗai, kashi 100, sauran ukun sifiri. Baƙin da aka kwafo daga Word yakan rikiɗe ya zama haɗin tawada huɗu, kuma da faranti ɗaya ya goce da ƙwayar gashi, sai sunan mutum ya fito da inuwar ja da shuɗi kamar mai kallo ya sha magani.

Wani abin da kwamitoci ba su cika sani ba shi ne, ba dole kowane shafi ya zama mai launi ba. Ana buga littafi ne a manyan takardu masu ɗaukar shafi 8 ko 16 a naɗe su, kuma kowace fuskar takarda mai launi faranti huɗu take ci, mai baƙi da fari kuwa ɗaya. Ku nemi mai maɗaba'a ya nuna muku shafukan da ke faɗowa a fuska guda, ku tara hotuna masu launi a can, jawabin shugaban makaranta da sauran rubuce-rubuce su tafi a baƙi da fari. Mu a namu ra'ayin, idan kuɗi ya gaza, hoton baƙi da fari da aka gyara da kyau ya fi mai launin da aka yi da rowar tawada a kan takarda mai arha. Zane-zanen cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam baƙi ne a kan fari, kuma har yau ba mu ji wanda ya ce bai gane aku ba. Sai dai a nan ma a kula, domin ja da kore sukan koma toka iri ɗaya. Taswira ko jadawalin da ya dogara da su sai a sauya masa alama.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi tsada: bugun gwaji. Kada kwamiti ya biya cikon kuɗi sai ya riƙe samfurin shafukan hotuna a hannu, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba wanda zai so ɗalibi ko malami ya yi ta zirga-zirga tsakanin Bukkuyum da Gusau, ko ya bi ta Daki Takwas sau uku saboda mujalla. To a ba direban da aka sani ya kawo samfurin a ambulan, ko a wakilta wani tsohon ɗalibin makarantar da ke karatu a Gusau ko Sakkwato ya je ya gani da idonsa, a tura masa sunayen mutum biyar da ya sani ya nemo su a hoton aji ba tare da ya karanta suna ba. Abin da ba zai yi amfani ba shi ne mai maɗaba'a ya ɗauki hoton samfurin da waya ya turo, domin kun ga an sake mayar da tawada haske, an koma gidan jiya. Idan samfurin ya iso, a fita da shi waje a duba da hasken rana a inuwa, kada a duba ƙarƙashin ƙwan sola mai shuɗin haske. Wanda aka amince da shi, malamin da ke kula da kwamiti ya sa hannu a bayansa da kwanan wata, a ajiye kwafi guda a makaranta. Ranar da kwali ya iso, da shi za a gwada.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake jera shafuka da barin gefen da wuƙar maɗaba'a za ta yanke, don kada kan shugaban ɗalibai ya tafi tare da tarkacen takarda. Waɗanda suka yi gwajin ɗigon ruwa, a goge wayar kafin a mayar wa Yaya abarsa.